Tumatirin Gado Mai Saurin Nuna: Yadda Za Ka Gwada Iri-iri a Lambun Gida

Lambar da ke jikin fakitin iri ita ce ta fi ruɗin mutane. In ka ga an rubuta tumatir zai nuna cikin kwana 55 ko 60, lissafin ya fara ne daga ranar dashe. Kafin nan akwai mako 6 zuwa 8 na reno, don haka tumatirin da ake kira mai kwana 60 zai ci kusan wata uku da rabi daga ranar da ƙwayar ta shiga ƙasa. Ita kanta lambar an samo ta ne a wata ƙasa da wani yanayi. A lambunka tana iya gocewa da mako biyu.

Irin gado shi ne wanda aka daɗe ana ajiyewa hannu zuwa hannu, kuma in ka shuka ƙwayarsa abin da ka sani zai fito. Mai alamar F1, wato wanda aka samar ta haɗa iri biyu daban, kamar Early Girl, ba ya cikin wannan sahu, domin 'ya'yansa ba sa ɗauko kamannin uwa.

Cikin masu sauri, Stupice na ƙasar Cek ya fi suna. Yana nuna cikin kwana 55 zuwa 60, 'ya'yansa kamar ƙwan kaza ne, ganyensa mai faɗi irin na dankalin Turawa, kuma ba ya daina tsawo da haihuwa har ƙarshen lokaci. Matina na Jamus da Bloody Butcher kusan halinsu ɗaya da shi. Moskvich na Rasha yakan ɗan makara da kwanaki kaɗan, amma 'ya'yansa sun kai ninki biyu a girma, ba su kuma cika tsagewa ba. Glacier gajere ne, ya dace da tukunya. A ra'ayinmu mai ƙaramin fili ya fara da Stupice da Moskvich, ya haɗa da Brandywine guda ɗaya, mai kwana 80 ko fiye, don ya ga tazarar da idonsa. Kada a sa ran ƙato daga mai sauri, saurin da ƙanƙantar tare suke tafiya.

Gwaji ba ya ma'ana sai an yi wa kowa adalci: rana ɗaya za a shuka, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, kuma aƙalla tushe uku na kowane iri, don tushe ɗaya yana iya yin ciwo ya ɓata wa danginsa suna. Zurfin shuka rabin santimita ne. A ɗumin digiri 21 zuwa 27 na ma'aunin Celsius tsiro kan fito cikin kwana 5 zuwa 10. In ka ga ya yi dogon wuya, siriri, fari-fari, haske ne ya yi masa kaɗan. Kafin dashe a riƙa fitar da shi waje kaɗan-kaɗan na mako guda ya saba da rana da iska.

Wajen dashe a cire ganyen ƙasa, a binne karan har kusa da ganyen sama, domin duk inda ƙasa ta rufe saiwa za ta fito. Tazara santimita 50 zuwa 60, a wurin da rana ke samu awa 6 zuwa 8. Tukunya kada ta gaza lita 20. A kafa sanda tun ranar, a rubuta sunan irin a jikinta, don bayan wata guda Stupice da Matina ba mai iya bambance su da ganye.

Yawancin jinkiri daga hannun mai lambu yake fitowa. Takin da sinadarin naitrojin ya yi wa yawa yana ba da ganye kore shar, fure kuwa shiru. Fure yana zubewa in sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 13, ko zafin rana ya haura 32. Waɗannan iri masu sauri an zaɓo su ne don gajeren lokacin ɗumi, saboda haka a wuri mai zafi amfaninsu shi ne su haihu su gama kafin zafi ya tsananta. Baƙin tabo a gindin 'ya'ya, mai lotsewa kamar fata, alama ce ta sinadarin kalsiyam bai isa wurin ba, kuma sau da yawa ban ruwa ne na yau a jiƙe gobe a bushe ya jawo shi. A shayar a gindi sosai sau biyu ko uku a mako, a rufe ƙasa da ciyawa busasshiya.

A littafi ka rubuta ranar furen farko, ranar nunar farko, nauyin abin da ka tsinka kowane mako, da yawan waɗanda suka tsage. Nan za ka ga wani ya riga kowa da ƙwaya biyu sannan ya yi shiru, wani ya makara da kwana biyar amma ya cika kwando.

Wanda ya ci gwajin, ɗauki 'ya'yansa da suka nuna sosai daga tushe mafi lafiya da sauri. Matse ƙwayar da ruwanta a kofi, bar ta kwana 2 zuwa 4 har farin kumfa ya taso, wanke, ka zubar da masu yawo a sama, ka shanya sauran a inuwa mako guda. In an ajiye ta cikin takarda a wuri mai sanyi marar laima, tana kai shekara huɗu tana tsirowa.