Yadda Ake Auna Garaɓasar Gidajen Abinci Kafin a Ba Wani Shawarar Zuwa

Garaɓasar da gidajen abinci suke sanarwa, a allon bakin ƙofa ko a manhajar waya, ƙimarta tana rataye ne da abincin da aka ɗora ta a kansa. Ragin rabin farashi a kan abincin da mutum zai ture ya tashi asara ce, amma ragin kashi 10 cikin ɗari a wurin da dama can zai je ya ci ya ƙoshi riba ce tsantsa. Saboda haka wanda yake son tantance wani tayi, ko wanda aka tambaya inda ya dace a kai iyali ko baƙi, ya kamata ya fara da tambaya guda: da babu wannan ragin, zan yarda in biya cikakken kuɗin abincin nan? Idan amsar a'a ce, duk lissafin da zai biyo baya ba zai gyara komai ba, domin araha ba ta ado.

Hanya mafi inganci ta sanin gidan abinci ita ce ka ziyarce shi a ranar da babu garaɓasa, ka yi odar abin da aka fi saninsa da shi, ka biya kuɗinka kamar kowa. Ka lura da zafin abincin lokacin da aka ajiye maka shi, domin wannan ya wuce maganar daɗi, magana ce ta lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a riƙe dafaffen abinci da zafin da ya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, ko kuma a sanyaya shi ƙasa da digiri 5, kada a bar shi a fili fiye da awa biyu, saboda tsakanin waɗannan ma'aunai biyu ne ƙwayoyin cuta suke saurin hayayyafa. Hukumar ta ƙiyasta a shekarar 2015 cewa kimanin mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da rashin lafiya duk shekara sakamakon cin gurɓataccen abinci. Ba kowa ne zai samu izinin leƙa kicin ba, amma kowa zai iya duba wurin wanke hannu, da banɗaki, da tsummar da ake goge tebur da ita, da kuma ko hannun da yake karɓar kuɗi shi ne yake taɓa abinci. Gidan da ya yi sakaci da abin da baƙo yake gani da idonsa, da wuya a ce ya fi kula da abin da yake bayan ƙofa. Ka duba tsawon jerin abincinsu kuma: ƙaramin gida mai tebura kaɗan da yake iƙirarin yana dafa nau'i sittin, akwai alamar yawancinsu sun kwana a firji ana jiran mai tambaya.

Ra'ayoyin da mutane suke rubutawa a intanet suna taimakawa, muddin an san yadda ake karanta su. Yabon da ya cika baki ba tare da ambaton ko da abinci ɗaya ba, da zagin wanda ya fusata saboda bai samu wurin ajiye mota ba, duka biyun ba sa gaya maka abin da za ka tarar a faranti. Na fi amincewa da rubutun masu matsakaicin maki, waɗanda suka faɗi abin da suka ci da ranar da suka je, musamman na watannin baya-bayan nan, tunda kuku yana iya barin aiki wurin ya sauya gaba ɗaya. Ra'ayoyin bogi sun yi yawan da a shekarar 2024 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da su. Akwai kuma darasi a tsarin jagorar Michelin mai tantance gidajen abinci, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1900: masu bincikenta ba sa bayyana kansu, kuma suna biyan kuɗin abin da suka ci, don kada a yi musu hidima ta musamman. Tun 1997 jagorar take ware wata lamba mai suna Bib Gourmand ga gidajen da abincinsu yake da kyau farashinsu kuma bai yi tsada ba, abin da yake nuna cewa dacewar farashi da inganci abin aunawa ne shi kaɗai, ko da babu ragi ko kaɗan.

Bayan an gamsu da wurin, sai a tambayi dalilin da ya sa mai shi yake rage farashi, domin dalilin ne yake nuna ko tayin zai amfane ka. A yawancin gidajen abinci kayan girki suna cin kusan kashi ɗaya bisa uku na farashin faranti, sauran kuma yana tafiya ne a albashi da haya da wuta da makamashin girki, ribar da take saura ba ta da yawa. Haya da albashi ba sa raguwa don tebura sun zauna babu kowa, shi ya sa ragin da ake yi a lokutan da ciniki ya yi sanyi, kamar tsakiyar mako ko tsakanin abincin rana da na dare, yake zama tayi na gaskiya: mai gida ya cike kujerar da da ta tashi a banza, kai kuma ka ci abinci iri ɗaya a kicin da ba ya cikin gaggawa. Wannan shi ne nau'in garaɓasar da nake ba da shawararsa ba tare da ɗar-ɗar ba. Haka ma ragin sabon gida da yake neman a san shi, sai dai a yi masa uzuri idan hannun ma'aikatansa bai faɗa ba tukuna.

Wanda ya kamata a yi taka-tsantsan da shi shi ne ragi mai zurfi da ya ratsa hannun dillali. Kamfanin Groupon, wanda ya fara aiki a birnin Chicago a 2008, ya shahara da sayar da takardun ragin rabin farashi, kuma a shekarunsa na farko yakan ɗauki kusan rabin abin da aka biya a matsayin la'ada. Ma'anar wannan ita ce gidan abincin yana karɓar kusan kashi 25 cikin ɗari na ainihin farashinsa, adadin da bai ma kai kuɗin kayan girkin ba. Mai gida yana yarda da haka ne da fatan baƙin za su dawo su biya cikakke, ko su ƙara da abin sha da sauran abubuwan da ragin bai shafa ba. Idan jama'a suka yi masa yawa a lokaci guda, kicin ya rikice, jira ya yi tsawo, wani lokaci kuma a rage yawan abin da ake zubawa. Wani bincike da masana daga jami'o'in Boston da Harvard suka fitar a 2011 ya gano cewa makin da ake ba wuraren kasuwanci a dandalin Yelp, inda masu saye suke rubuta ra'ayoyinsu a intanet, yakan sauka bayan sun gudanar da irin wannan tayi. Wanda ya je wuri a tsakiyar irin wannan turmutsutsu bai ga ainihin gidan ba, kuma bai kamata ya yanke masa hukunci a kan wannan rana kaɗai ba, na yabo ne ko na suka.

Lissafin kansa ba shi da wuya, amma dole a yi shi a kan jimillar abin da zai fita daga aljihu, a ajiye adadin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gefe. Ɗauki tayin da ake cewa ka sayi ɗaya a ba ka ɗaya kyauta. Kunne yana jin rabin farashi, alhali kusan kullum mafi arahar farantan biyu ne ake yafewa. Idan ɗaya farashinsa 100 ne ɗayan kuma 60, za ka biya 100 maimakon 160, ragin ya tsaya a kashi 37.5 cikin ɗari. Idan kuka ƙara abin sha na 40 wanda tayin bai haɗa da shi ba, kun biya 140 maimakon 200, ragin ya sauko kashi 30. Idan kuma gidan yana ɗora kuɗin hidima na kashi 10 a kan farashin asali, kamar yadda wasu suke yi, kun biya 160 maimakon 220, wato kimanin kashi 27. Har yanzu ragi ne mai kyau, kuma ba na cewa a guje shi, amma wanda ya fito da kuɗin rabi kacal zai ji kunya a gaban mai karɓar kuɗi.

Tayin da aka gindaya wa sharaɗin kashe wani adadi ya fi wannan wayo. A ce za a rage maka 20 idan odarka ta kai 100, kai kuwa abin da ka yi niyyar ci na 70 ne. Idan ka ƙaro abinci don ka cika sharaɗin, za ka biya 80, ka fita da ƙarin kashe 10 a kan niyyarka, sannan ga abincin da cikinka bai nema ba. Irin wannan tayi yana da amfani ne ga ayarin mutanen da dama odarsu za ta haura adadin. Katin da ake bugawa hatimi, a ba ka faranti na goma sha ɗaya kyauta bayan ka sayi goma, ragin kusan kashi 9 ne, kuma sai ka kammala zagayen yake tabbata. Kalmomin "har zuwa" da ake sakawa gaban adadin ragi suna nufin ƙila abu ɗaya ne tak a cikin jerin ya samu wannan adadin.

Akwai kuma tsarin ƙayyadadden farashi, inda ake haɗa abinci kashi biyu ko uku a kan kuɗi ɗaya. Makon gidajen abinci na birnin New York, wanda aka fara a 1992 da abincin rana a kan dala 19.92, yana bin wannan salo, kuma birane da dama sun kwaikwaye shi. Yadda ake auna shi shi ne a nemi jerin abincin yau da kullum na gidan, a tara farashin abubuwan da aka haɗa ɗaya bayan ɗaya, sannan a cire duk abin da da ba za a yi odarsa ba, kamar kayan zaƙin da ake rufewa da su. A gidan da yake da tsada sosai, wannan tsari dama ce ta ɗanɗana girkin da a sauran ranaku ya fi ƙarfin mutum. A matsakaicin gida kuwa bambancin yakan zama kaɗan, wani lokaci ma abin da aka zaɓa don garaɓasar ba ya cikin abubuwan da suka sa gidan ya yi suna.

Ragin manhajojin kawo abinci gida yana buƙatar kwatance da farashin cikin gidan, domin manhajojin suna karɓar la'adar da takan kai daga kashi 15 zuwa 30, kuma gidaje da yawa suna ɗaga farashinsu a manhaja don su rufe wannan giɓi, ga kuɗin ɗan aike a kai. Takardar da ake biya tun kafin a ci kuwa, a duba ranar ƙarewarta da ranakun da ba a karɓarta, a kuma tuna cewa idan gidan ya rufe kafin a yi amfani da ita, dawo da kuɗin yana da wahala. Sayar da ragowar abincin yini da araha kafin a tashi, irin wanda manhajar Too Good To Go da aka kafa a Denmak a 2015 take yi, ragi ne na gaskiya mai hana almubazzaranci, sai dai mai saye ba ya zaɓar abin da za a ba shi, kuma ya kamata ya ci da wuri ko ya sa a firji. Mai rashin lafiyar da ta hana shi cin wasu abubuwa ya nisanci wannan nau'in sai idan an bayyana masa abin da yake ciki.

Ko wane iri ne tayin, a nuna shi ga ma'aikacin da ya zo ɗaukar oda tun kafin a zaɓi abinci, a tambaye shi abin da ya shiga da abin da bai shiga ba, sannan a karanta rasit kafin a biya. Yawancin saɓanin da ake yi a wurin biya daga rashin wannan tambaya yake tasowa. Inda ake ba ma'aikata tukuici, adalci shi ne a lissafa shi a kan farashin asali, tunda wanda ya ɗauko farantin bai yi rabin aiki ba don an rage kuɗinsa.

Ba da shawara amana ce, domin wanda ya tambaye ka zai kashe kuɗinsa da lokacinsa, wataƙila ma ya ɗora mutuncinsa a gaban baƙi, bisa maganarka. Kafin ka ambaci sunan wuri, ka tambaye shi su nawa ne, akwai yara ko tsofaffi a cikinsu, akwai abin da addini ko lafiya ya hana wani ci, suna son wurin da za su zauna su yi hira ne ko suna sauri, kuma nawa ya ware. Sannan ka faɗi takamaiman abincin da ka ci ka ji daɗinsa, da lokacin da ka je, da jimillar abin da ka biya har da haraji da kuɗin hidima, kada ka tsaya a kan cewa wurin yana da kyau. Idan akwai aibi, kamar jinkiri ko hayaniya ko ƙarancin wurin zama, ka faɗe shi, shi ya san abin da zai iya jurewa. Idan kyauta aka ba ka abincin, ko mai gidan ɗan'uwanka ne ko abokinka, ka bayyana masa, domin hidimar da aka yi maka ba lalle ba ne a yi masa irinta. Maganar garaɓasa ta zo daga ƙarshe, tare da sharuɗɗanta da ranar da za ta ƙare, kuma ka gaya masa farashin asali don ya san abin da zai tarar idan ya koma bayan ta wuce. Idan ka daɗe rabonka da wurin, ka ce masa ya buga waya ya tabbatar tayin yana nan kafin ya ɗebi mutanensa su kama hanya.