Tseren tafiya: kurakuran da ke karya ɗan wasa tun kafin rabin hanya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili a Birnin Kebbi yana kallon yara suna atisayen tseren tafiya ya san yadda abin yake kasancewa. Ana busa usur sai kowa ya zabura kamar an ce gobara ta tashi a gidansu. Zagaye uku, huɗu, ana ta kafaɗa da kafaɗa. Kafin a kai na goma, wanda ke gaba ɗazu ya koma yana jan ƙafa, baki buɗe. Sauri ya haifi nawa.

Wannan zaburar farko ita ce uwar kurakurai, kuma illarta a nan ta fi ta tseren gudu muni. Mai gudu idan ya gaji, saurinsa kawai ke raguwa. Mai tafiya kuwa dokoki biyu ne a wuyansa: kada idon alƙali ya ga ƙafafunsa biyu sun bar ƙasa lokaci guda, sannan ƙafar da ya jefa gaba ta kasance a miƙe tun daga saukar dunduniya har ta daidaita a ƙarƙashin jikinsa. Gajiya kuwa gwiwa take fara kamawa. Da zarar cinya ta mutu gwiwa za ta soma lanƙwashewa, alƙali ya ɗaga maka allon gargaɗi mai ruwan ɗorawa, in ba ka gyara ba ya rubuta jan kati. A gasar da ake ware wurin hukunci, jan kati uku daga alƙalai daban-daban zai sa a tsayar da kai minti 1 a tseren kilomita 10, minti 2 a na kilomita 20. Na huɗu kora ce. Ka ga daƙiƙa goman da ka ci a farko bashi ne, kuma da riba za ka biya.

Gyaran ba wuya, lissafi ne. Fili mai mita 400, kilomita 10 zagaye 25 ke nan. In burinka awa ɗaya ne, kowane zagaye minti 2 da daƙiƙa 24. Rubuta a bayan hannunka. Zagaye biyar na farko ka yi su daidai haka, ko ka ƙara daƙiƙa biyu, ko da kana jin jikinka garau. Wani yaro ya taɓa ce mini, "Malam, ai sai su tsere mini." Na ce bar su, za ka tarar da su a gaba. Ya tarar da su kuwa.

Daga nan sai bin wanda ba tsaranka ba. Ɗan Japan Toshikazu Yamanishi ya yi kilomita 20 cikin awa 1 da minti 16 da daƙiƙa 10 a 2025, wato kowace kilomita ƙasa da minti huɗu, da tafiya ba gudu ba. Yara na ganin irin wannan a waya sai su ɗauka da tsawon taki ake yi, su riƙa wage ƙafa. Wage ƙafa birki ne, kuma shi ke sa mutum tsalle bai sani ba. Sauri na zuwa ne daga yawan taki da juyawar ƙugu, hannuwa a lanƙwashe suna kai da kawo kusa da jiki.

Akwai kuskuren da ya fi damu na a yankinmu: mutum ya auna kansa da sanyin hunturu a watan Janairu, sannan ya zo gasa a Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ya ce lallai sai ya maimaita wancan lokacin. Jiki ba ya jin wannan magana. Dubi gasar duniya ta Doha a 2019. Saboda zafi sai ƙarfe 11:30 na dare aka fara tseren kilomita 50, amma duk da haka Yusuke Suzuki da ya zo na ɗaya ya ɗauki awa 4 da minti 4, alhali tarihin duniya da Yohann Diniz na Faransa ya kafa a 2014 awa 3 ne da minti 32. Tazarar rabin awa, tsakanin gwanayen duniya! Evan Dunfee na Kanada ya fara a sannu, ya riƙa tsince waɗanda zafi ya kayar har ya ci tagulla. Saboda haka ranar da garin ya ɗau zafi, sassauta lissafin tun daga gida, ka sha ruwa kaɗan-kaɗan tun ba ka ji ƙishi ba, ka jiƙa hula. Atisayen bazara kuma bayan sallar asuba ya fi, ba da azahar ba. Mai azumi ya bar dogon zango sai bayan buɗa baki.

Wasu kuma ba sa kallon allon da ake liƙa jan kati. Mai kati biyu da ya ci gaba da matsawa kamar ba komai, shi ya jawo wa kansa.

Kuskure na ƙarshe yana zuwa ne a ƙarshen tseren. Ka hango layi, jama'a na ihu, wani na hura maka iska a ƙeya, sai ƙafa ta manta tafiya take. A manyan gasa, shugaban alƙalai na da ikon korar mutum nan take a mita 100 na ƙarshe in ya fito fili yana gudu, ko ba shi da kati ko ɗaya. A Olamfik ta Sidni a 2000, Jane Saville ta Ostireliya ce ke kan gaba a kilomita 20, a gaban mutanen ƙasarta, aka kore ta tana dab da shiga filin wasa. In za ka ƙara wuta, soma tun saura kilomita biyu, a hankali, da hannu da yawan taki. Kuma ka gwada hakan a atisaye a gajiye, wani ya tsuguna gefen fili yana kallon gwiwarka.