Yadda na gano abin da ya ƙirƙiri wani abu a Python

Manhajata tana buɗe hanyoyin haɗi da rumbun bayanai, wasu ba a rufe su, har ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika. Azuzuwa 3 ne ke ƙirƙirar su (aji shi ne class, tsarin da ake ƙera abubuwa da shi), kuma a Python abu ba ya riƙe sunan wanda ya yi shi.

Da farko na sa inspect.stack(), mai nuna jerin kiraye-kirayen da suka kai ga wurin, a cikin __init__, aikin da ke gudana duk lokacin da aka ƙirƙiri sabon abu, na leƙa matakin da ya yi kiran, na ciro self (sunan da abu ke kiran kansa da shi) daga f_locals, inda ake adana sunayen da ke cikin wannan matakin. Ya nuna mini mai laifin kuwa. Amma aiki ya yi nauyi sosai, kuma in aikin da ya yi kiran ba na cikin aji ba ne, babu self ɗin da za a samu. Wannan dabara ta bincike ce kawai, ban yarda a bar ta a manhaja ba.

Gyaran da ya zauna shi ne, duk mai ƙirƙira ya miƙa kansa ga __init__, ni kuma in adana shi da weakref.ref, wato nuni zuwa ga abu wanda ba ya riƙe shi. Na zaɓi wannan ne don kada ɗan (abin da aka ƙirƙira) ya riƙe uban (wanda ya ƙirƙire shi) ya hana a share shi. Sai dai ajin da ke da __slots__, jerin da ke ƙayyade abin da abu zai iya riƙewa, ya ƙi, sai da na ƙara masa __weakref__ a cikin jerin.