Darasi na 7: Yi wa Tambarin Kayanka Rajista

Makiyayi yakan yi wa shanunsa shaida a kunne ko a cinya. Ko sun gauraya da na wani a mashaya, ba ya ɓatan kai. Ɗan kasuwa ma haka yake yi wa kayansa, da suna ko zane ko hoto. Wannan shi ne tambari, wasu su ce alamar kasuwanci.

A ce ga wata mata mai daka yaji a Kano. Da ƙullin leda ta fara. Da ciniki ya buɗe, ta koma zubawa a roba, ta manna takarda mai hoton jar tukunya da sunan da ta raɗa wa yajin. Rannan sai ƙawarta ta kira ta: "Hajiya, me ya sami yajinki? Duk gishiri ne da dusa!" Da ta shiga kasuwa, sai ga roba irin tata, ga jar tukunya, harafi ɗaya kawai aka sauya a sunan. Wani yana cin gumin ta, yana kuma ɓata mata suna.

Ta ce ai tana da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. To, a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. CAC sunan shago ko kamfani take yi wa rajista. Hukumar NAFDAC kuma lafiyar abinci da magani take dubawa. Tambari kuwa ofishinsa daban ne, yana Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar 1965.

Yawanci lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi ne ke shigar da takardu. Da farko a bincika, kada a ce wani ya riga ka. An kasa kaya da ayyuka rukuni 45, sai ka zaɓi naka, domin rajistar yaji ba ta rufe sabulu ba. Ka kula da sunan da za ka kai. "Yaji Mai Daɗi" da wuya ya wuce, don kowane mai yaji yana da haƙƙin cewa nasa da daɗi.

In ofishin ya karɓa, sai a buga tambarin a mujallarsa. Mai ƙorafi yana da wata 2 ya fito. In shiru, a ba ka satifiket. Yana aiki shekara 7, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Mai satifiket yana iya kai mai kwaikwayo Babbar Kotun Tarayya, a hana shi, a kuma nemi diyya. Wanda bai yi rajista ba, sai ya tara shaidun da za su tabbatar cewa jama'a sun san shi da sunan, kuma wannan doguwar hanya ce mai cin kuɗi. Tambari mai rajista ana sayar da shi, ana ba da hayarsa, 'ya'ya ma suna gadonsa kamar gona.

Amma rajistar Najeriya ba ta ƙetare iyaka. Mai kai kaya Maraɗi ko Damagaram sai ya nemi ta OAPI, hukumar rajistar tambari ta wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde a Kamaru. Rajistarta ɗaya ta haɗa ƙasashe 17, har da Nijar, Kamaru da Chadi, tana kuma yin shekara 10.

Aikin gida: kowa ya zo da kwali ko ledar kaya guda uku. Za mu nemi alamar ®, wadda mai rajista kaɗai ke sawa, da ™, wadda ake sawa ko ba rajista.