Darasi: Shuɗi da Shunayya a Tsofaffin Zanen Allo na Turai

Shekaru 500 zuwa 700 da suka wuce, masu zane a Italiya da Jamus kan allon katako suke aiki. Sai su shafe shi da farar alli da manne, su kwaɓa garin launi da gwaiduwar ƙwai, daga baya kuma da mai.

Shuɗin da ya fi tsada daga dutsen lazuli ake fitar da shi. A Badakshan ta Afghanistan ake haƙo shi, fatake su kawo shi birnin Benis na Italiya. Niƙa kaɗai ba ta isa ba, domin dutsen cakuɗe yake da fari da toka-toka, garinsa kan fito a dushe. Ga yadda Cennino Cennini, wani mai zane ɗan Italiya, ya bayyana aikin tace shuɗin wajen shekarar 1400:

A daka dutsen a turmin tagulla a rufe, a tankaɗe. Ga kowace laba ɗaya ta gari, a narka oza 6 na ƙaron itacen fayin, oza 3 na ƙaron mastik, oza 3 na kakin zuma. A zuba garin, a murɗa ya zama dunƙule, a ajiye kwana uku. Sannan a riƙa matsa shi cikin ruwan toka mai ɗumi. Shuɗin zai fito ya kwanta a gindin kwano, dattin ya maƙale a kaki. Wankin farko shi ne mai kyau. Na ƙarshe kusan toka ne, kada a haɗa su.

Azurait, wani shuɗin dutse mai tagulla a cikinsa, ya fi araha. Matsalarsa niƙa: in ya yi laushi sosai sai ya koɗe, don haka ake barinsa da ɗan tsakuwa-tsakuwa. Masu dabara kan shimfiɗa shi a ƙasa, su ɗora lazuli siriri a sama. Shuɗin garin gilashi kuwa, da ya yaɗu a ƙarni na 16, yakan rikiɗe toka-toka cikin mai.

Shunayya yawanci haɗi ce: shuɗi da jan rini na saiwar tsiro ko na ƙwari. Jan nan ba ya jure haske. Abin takaici, rigar da aka zana shunayya yau shuɗiya ake ganinta.

A 1828 aka karrama Guimet na Faransa saboda haɗa irin shuɗin lazuli a masana'anta. Shi ne bular da ake sa wa fararen kaya wajen wanki.