Darasi na 7: Sayen Tarakta ta Farko da Injin Yankan Ciyawa

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Zazzau, wajen watan Mayu zuwa farkon Yuni, sai ka ga manoma suna ta sintiri a ƙofar masu tarakta. Kowa so yake a yi masa haro a mako guda. Mai tarakta ya karɓi kafin alƙalami ya ce gobe, gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. Kafin layi ya zo kanka, masarar maƙwabcinka ta tsiro. Wannan takaicin ne ke sa mutum ya ce baɗi sai ya sayi tasa. Niyya ce mai kyau. Sai dai kuɗin tarakta kuɗin gida ne sukutum, kuma wanda ya sayi wadda ba ta dace da gonarsa ba zai daɗe yana cizon yatsa.

Fara da gonarka

Kafin ka taka wajen dillali, ɗauki takarda da biro ka tafi gona. Rubuta girmanta. Hekta ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato kusan eka biyu da rabi. Rubuta irin ƙasarta: jigawa ce mai sauƙin huɗa, ko laka ce irin ta fadamar kogin Galma mai riƙe taya? Akwai kututture? Akwai suri ko marmara? Hanyar shiga fa, tarakta da tirela za su wuce, ko sai an shiga gonar wani?

Idan duk abin da kake nomawa bai kai hekta biyar ba, shawarata ita ce kada ka sayi babbar tarakta kai kaɗai. Za ta yi maka aikin mako ɗaya, ta kwashe sauran shekara a zaune, batir na mutuwa, taya na tsagewa a rana. Gara shanun huɗa, ko ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu wadda ake riƙewa da hannu, ko ku haɗa kuɗi a ƙungiya. Wanda zai sayi babba, to ya kasance yana da gona mai yawa, ko kuma ya shirya yi wa mutane aikin haya da jigilar amfanin gona da taki a lokacin rani.

Ana auna ƙarfin tarakta da abin da ake kira ƙarfin doki. Wadda aka fi gani a gonakinmu, irin Massey Ferguson 375, tana da ƙarfin doki 75. Irin wannan tana jan garma mai faifai uku, da haro mai farfasa ƙasa, da rija mai tayar da kunya, da tirela cike da buhunan masara. Mai jigawa, wadda ke ja da ƙafafun baya kawai ta ishe shi. Mai noman shinkafa a fadama ya nemi mai ja da ƙafa huɗu, ko da ta fi tsada.

Wa zai gyara ta?

Nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Wani manomi ya zo wa wani tsohon makanike da hoton tarakta a waya, sabuwa fil, fenti na ƙyalli, kuɗinta kuma da sauƙi.

"Baba, ka ga wannan? An ce ta fi duk na garin nan ƙarfi."

Tsohon ya duba, ya mayar masa da wayar. "Alhaji, idan famfon manta ya lalace ranar Talata a tsakiyar Yuni, a ina za ka samo wani kafin Juma'a?"

Manomin ya yi shiru.

Tambayar ke nan da ta fi kowace. Tarakta ba ta lalacewa sai lokacin da ake tsananin bukatarta, domin a lokacin ne take shan wuya. Saboda haka, tun kafin ka biya ko kwabo, shiga Sabon Gari ka tambayi masu sayar da kayan gyara: kuna da filtar wannan? Kuna da faifan kulocinta? Idan babu a Zariya, akwai a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano? Idan aka ce sai an aika Legas ko ƙasar waje, ka yi tunani sau biyu. Dattawa na tuna lokacin da ake haɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano. Tsofaffin da suka daɗe suna aiki a cikinsu, waɗanda suka samu makanike a kusa ne da kayan gyara a kasuwa. Tarakta tsohuwa da kowane yaron gareji ya san cikinta ta fi maka sabuwar da ba wanda ya taɓa kwance irinta.

Yawancin masu sayen farko ta hannu suke saya. Ba laifi, amma kada ka je kai kaɗai, kuma kada makaniken ya zama na mai sayarwa. Ku je da sassafe, injin na sanyi. Taɓa shi da hannu. Idan ka ji ɗumi, an riga an tayar da ita kafin ku iso, wataƙila don a ɓoye wuyar tashi. A tayar a gabanka ka kalli hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin injin na ƙona baƙin mai. Baƙi ƙirin da ba ya yankewa na nuna matsala a nozul mai fesa man gas ko filtar iska. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi na iya nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. Zaro sandar auna baƙin mai: idan man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya gauraya da shi, ka bar ta kawai.

Sai a ɗaura mata haro, a ɗaga shi sama, a kashe injin. Ku tsaya ku yi hira minti goma. Idan haron ya sauko ƙasa da kansa, hannuwan ɗaga kaya sun gaji. Duba tayoyin baya da kyau, domin guda biyun nan kuɗi ne mai nauyi. Akwai agogon da ke ƙirga awannin aiki, amma ana iya canza shi, don haka ka dubi yadda fedar kuloci da ta birki suka cinye. A ƙarshe, lambar da ke jikin tarakta ta yi daidai da ta takarda, a kuma rubuta yarjejeniya gaban shaidu.

Kada ka zuba duk kuɗinka a tarakta tsirara. Ba ta noma sai da abin da take ja. Ware na haro da rija, na man gas, na direba, da ɗan abin ajiya na gyara.

Injin yankan ciyawa

Iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne wanda direbobi ke kira silasha: faffaɗan akwatin ƙarfe mai wuƙaƙe masu kauri da ke juyawa a ƙarƙashi. Shi na sassabe ne. Yana daddatse ciyawa, da karan masara, da ƙananan sabara, ya bar su a ƙasa su ruɓe su zama taki, maimakon a cinna wa gona wuta. Mai lambun mangwaro ko gwaiba, ko mai saurar da ta yi shekaru ba a taɓa ba, wannan ne nasa.

Na biyu mai yanka ne kamar almakashi ko lauje, yana kwantar da ciyawa da tsawonta. Mai kiwo da ke son ya tara gamba ko kyasuwa don rani, wannan zai nema, domin silasha na farfasa ciyawar har ta yi wuyar tattarawa. A yanka ta tana shirin fure, kafin ta tsufa ta zama kara. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana aiki a kan ciyawar kiwo, haka ma malaman gona na cibiyoyin aikin gona na IAR da NAERLS a Samaru suna da masaniya kan injinan noma. Ga su a ƙofar gida, tambaya ba ta ɓata mutum.

Faɗin silasha ya kai faɗin tayoyin baya, ko ya ɗan ɗara, don kada taya ta danne ciyawar da wuƙa ba ta kai gare ta ba. Mai faɗin ƙafa biyar ko shida ya dace da tarakta mai doki 75. Tambayi ko yana da notin kariya, wanda ke karyewa idan wuƙa ta daki kututture. Idan ya karye, a sa irinsa. Wasu sukan cusa ƙarfe mai tauri don kada ya sake karyewa, sai giyar injin ta karye a madadinsa.

Yanzu ka karanta wannan a hankali, ka kuma karanta wa direbanka. Silasha na samun ƙarfi ne daga wata sanda da ke juyawa a bayan tarakta, makanikai na ce mata fitiyo. Tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya. Idan ta kama bakin riga, ba mai saurin da zai ƙwace. Kada a matso kusa da ita da babbar riga, ko rawani, ko mayafi. Murfinta ya kasance a rufe kullum. Idan ciyawa ta naɗe wuƙa, a kashe injin, a zare makulli, a jira komai ya tsaya cik. Wuƙar na iya harba dutse nesa, don haka yara da dabbobi su bar gonar gaba ɗaya. Kuma kujerar tarakta ɗaya ce. Ɗora yaro a kan murfin taya don a faranta masa rai ya jawo wa gidaje da yawa kuka.

Aikin gida

Silasha mai faɗin mita ɗaya da rabi, idan tarakta na tafiyar kilomita 5 a awa, a lissafi zai yanke kashi uku cikin huɗu na hekta a awa ɗaya. Idan aka cire juyawa da tsayawa, mu ce rabin hekta. To, awa nawa za a yi a gona mai hekta 6? Idan ana aikin awa 6 a rana, kwana nawa ke nan?

Sannan ka rubuta girman gonarka, da irin ƙasarta, da kuɗin da ka biya mai tarakta a daminar bara. Ka zo da takardar aji mai zuwa, za mu lissafa tare.