Yadda ake ƙiyasta yawan Kiristocin Masar da yankunan da suke zaune

Mai son sanin yawan Kiristocin Masar, waɗanda galibinsu Kibɗawa ne (mabiya cocin Koptik na Masar), zai ci karo da alƙaluma biyu da suka yi hannun riga: ƙidayar gwamnati ta nuna ba su kai kashi 6 cikin 100 ba, shugabannin coci kuwa sukan ce sun kai kashi 10 ko fiye. Aikin mai ƙiyasi shi ne ya bi kowane adadi har tushensa.

A fara da jera sakamakon ƙidayar jama'a bisa shekaru. A 1927 Kiristoci sun ɗan haura kashi 8, a 1960 suka dawo kusan kashi 7, sannan a 1986 suka gaza kashi 6. Wannan raguwa a hankali ta faru, a ƙarƙashin mulkin sarauta da na jamhuriya, kuma ta dace da ƙarancin haihuwa a gidajen Kiristoci da ƙaurarsu zuwa Amurka, Kanada da Ostireliya tun shekarun 1960. Saboda haka zargin cewa an rage adadin da gangan yana buƙatar hujja mai ƙarfi, ko da yake ba za a rasa waɗanda suka ɓoye addininsu ga ma'aikacin ƙidaya ba.

Daga nan sai a gwada da binciken lafiyar iyali na gida-gida, wanda ba don addini aka shirya shi ba. Na 2008 ya ba da kusan kashi 5. Rajistar baftisma da ta aure tana da amfani, amma a yi hattara da ita, domin sunan wanda ya rasu ko ya bar ƙasar yakan daɗe a cikin littafi.

Game da wuraren zama, a yi lissafin lardi-lardi. Kason Kiristoci ya fi yawa a lardunan Minya, Asyut da Sohag da ke kudanci, alhali Alƙahira, musamman unguwar Shubra, tana da ɗimbin Kiristoci duk da kasonsu a birnin bai kai na waɗannan larduna ba. Kada a ɗauki yawan majami'u a matsayin ma'auni, tunda izinin gina su ya daɗe yana da wuyar samu kafin dokar gina majami'u ta 2016.

Wajen rubuta sakamako, a bayar da adadi mafi ƙaranci da mafi yawa, tare da shekara da tushen kowanne.